Zango da Talauci: Tarihin Nima da Mamobi a Birnin Akra

1.0 Gabatarwa

A harshen Hausa, kalmar "zango" tana nufin wurin da ayarin fatake ke sauke kaya su kwana kafin su ci gaba da tafiya. Ana kuma auna nisa da ita, kamar a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne. Wato dai a asalin ma'anarta, zango wurin kwana ne, gari ya waye a ɗaura kaya. Amma a ƙasar Gana kalmar ta ɗauki wata ma'ana dabam. A can, zango unguwa ce ta dindindin wadda Musulmi da sauran mutanen da asalinsu ya fito daga arewa ke zaune a cikinta, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Da wuya a sami babban gari a kudancin Gana wanda ba shi da zangonsa. A Akra, babban birnin ƙasar, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, akwai Sabon Zango da Nima da Mamobi da Fadama da Sukura da Madina da sauransu.

Wannan takarda za ta bi diddigin tarihin talauci a waɗannan unguwanni, musamman Nima da Mamobi, tare da duba irin matakan da gwamnatoci suka ɗauka a kansu. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, tsohuwar ma'anar kalmar ba ta rabu da mutanen zango ba. Hukumomi, tun daga na Turawa har na bayan samun mulkin kai, sun daɗe suna ɗaukar su a matsayin baƙi masu wucewa. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, kuma ba wanda ke haƙa wa raɓa magudana ko ya gina mata makaranta.

2.0 Daga Gwanja zuwa Bakin Teku

Goro ne ya fara kai Hausawa wannan ƙasa. Shekaru aru-aru ayarori suna tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su yi tafiyar watanni da jakuna zuwa ƙasar Gwanja, suna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu, su komo da goron da ake samowa daga dazuzzukan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Babbar kasuwar wannan fatauci ita ce Salaga, inda ban da goro ake cinikin bayi. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan hanyoyin arewa ya yi rauni. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga, kasuwar ta watse. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi, wasu suka gangara har bakin teku. Akra ta ja hankalinsu ne saboda tun 1877 Turawa suka mai da ita hedikwatar mulkinsu na Gwalkwas, kuma daga nan ana iya loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, maimakon tafiyar watanni a ƙasa.

Akwai kuma rukuni na biyu da suka zo ta wata hanya. Kyaftin John Glover ya tara dakaru a Ikko waɗanda aka riƙa kira "sojan Hausa", aka kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka tsere daga iyayengijinsu, kuma ba dukkansu ne Hausawan asali ba, harshen kawai suke ji. Bayan sun bar aiki, wasu ba su da gidan da za su koma, sai suka zauna kusa da bariki. Ke nan tun farkon kafuwarsa zango ya ƙunshi mutane iri biyu: attajiran goro da shanu da malamansu a gefe ɗaya, sannan tsofaffin sojoji da 'yantattun bayi da 'yan dako a ɗaya gefen.

Mutanen wancan zamani sun ga wannan bambanci da idonsu, har ya shiga adabinsu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya rubuta waƙar Hausa a kan talauci da wadata. A cikinta ya kwatanta yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci ko da mai hankali ne, suke kuma girmama mai dukiya ko da halinsa ba shi da kyau. Ga ɗalibin Hausa, wannan waƙa shaida ce cewa zancen rashin daidaito a zango ya girmi duk wani binciken masana na zamani.

A Akra, zangon farko shi ne wanda Malam Idris Naino ya kafa a cikin tsohon gari a ƙarshen ƙarni na 19, aka riƙa kiransa Zangon Malam. Bayan annobar 1908, wadda ɓeraye suka yaɗa, ta sa Turawa suka rushe gidaje da dama a tsakiyar gari, ɗansa Malam Baƙo ya sami fili daga sarakunan Ga, masu ƙasar, ya kafa Sabon Zango. A nan akwai wani abu da ya kamata a riƙe, domin zai yi ta dawowa a cikin tarihin: ƙasar Akra ta ƙabilar Ga ce. Sarkin zango yana raba filaye ga mabiyansa, amma tushen mallakar yana hannun wasu. Mutum zai gina gida ya haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsa, alhali ba shi da takardar da banki zai karɓa jingina.

Abin da ya riƙe talakan zango a wancan lokaci shi ne tsarin maigida. Baƙo idan ya sauka, maigida ne zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. Shi kuma maigida yana samun la'ada da yaran aiki da girma a idon jama'a. Idan aka haɗa wannan da zakka da sadaka da adashi da gudummawar biki da ta mutuwa, za a ga cewa zango ya kafa nasa tsarin tallafi tun kafin wata gwamnati ta yi tunanin yin haka. Sai dai tsari ne da ke hana mutum kwana da yunwa ba tare da ya fitar da shi daga ƙarƙashin wani ba. Yaron maigida yana iya tsufa yana yaron maigida.

3.0 Nima: Unguwar Bayan Iyaka

An kafa Nima a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu domin ajiye dabbobi kafin a kai su kasuwa. Mutanen zango suna danganta sunan da kalmar "ni'ima", ko da yake 'yan ƙabilar Ga suna da nasu bayanin. A lokacin wurin daji ne, kuma yana wajen iyakar hukumar birni. Wannan shi ne ya ja mutane zuwa can, shi ne kuma ya zame musu matsala daga baya. Tunda dokokin gini na birni ba su kai wurin ba, kowa na iya kafa ɗakin ƙasa ya rufa kwano ba tare da neman izini ba, kuma haya tana da araha. Amma saboda wannan dalilin ne dai hukumar birni ba ta ga wajibcin shata tituna ko jan famfo ko gina bahaya ba.

Abubuwa da dama suka haɗu suka cika Nima da jama'a. Tun 1911 Gwalkwas ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da koko a duniya, ga kuma ma'adinan zinariya a Obuasi da Tarkwa. Turawa sun ɗauki yankin arewacin ƙasar a matsayin rumbun lebura, ba su damu da buɗe makarantu ko masana'antu a can ba. Daga ƙasashen da Faransa ke mulka kuwa, Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Wangarawa suna tserowa daga haraji da aikin tilas. Girgizar ƙasa ta watan Yuni 1939 ta rushe gidaje a Akra, gwamnati ta gina sababbi a wurare irin su Korle Gonno da Osu da Kaneshie, amma ƙarancin ɗakin haya bai gushe ba. Sai kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka kafa sansanonin sojan Ingila da na Amurka kusa da filin jirgin sama. Sansanonin suna buƙatar kuku da boyi da mai wanki da guga da maigadi da lebura, kuma Nima ce wuri mafi kusa da irin waɗannan ma'aikata za su iya biyan haya. Da aka gama yaƙi, sojojin da suka dawo daga Bama suka ƙaru a kansu. Da Nima ta cika, sai jama'a suka tsallaka rafi zuwa Mamobi. Wannan rafi shi ne ya zama babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin biyu.

Sai a farkon shekarun 1950 aka shigar da Nima cikin iyakar birni. Kafin nan aikin gama ya gama: gidaje sun haɗe da juna, lunguna sun ƙuntata, babu filin da ya rage na makaranta ko asibiti ko kasuwa. Idan aka dubi taswirar Akra za a ga wani abin mamaki. Nima tana maƙwabtaka da Kanda da Cantonments da Roman Ridge da unguwar filin jirgi, wato wuraren da aka tsara wa Turawa da manyan ma'aikata, masu faffaɗan tituna da itatuwa. Fadar shugaban ƙasa ma tafiyar ƙafa ce daga Nima. Kusancin kuwa ba haɗari ba ne, domin waɗancan gidaje ba za su zaunu ba sai da mai dafa abinci da mai gadin ƙofa, kuma dole waɗannan su kwana a wani wuri kusa.

Bayan samun mulkin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi ayyukan jin daɗin jama'a masu yawa. Dokar ilimi ta 1961 ta mai da karatun firamare kyauta kuma tilas, magani a asibitocin gwamnati ya zama kusan kyauta, an gina birnin Tema da rukunonin gidaje. Amma gidajen sun fi zuwa hannun masu albashi, su kuwa mutanen Nima akasarinsu ba su da takardar albashi. Masu tsara birni sun riƙa lissafa unguwar cikin wuraren da za a rushe a sake tsarawa. Ba a rushe ba, ba a kuma gyara ba. Maigidan da ke jin cewa gobe za a iya tayar da shi ba zai zuba kuɗinsa a ginin siminti ba.

Ta fuskar siyasa ma an samu tsamin dangantaka. Jam'iyyar Musulmi da aka kafa a 1954, wadda ƙarfinta ke cikin zangunan Akra da Kumasi, ta shiga sahun 'yan adawa. A 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan zangon Kumasi, zuwa Nijeriya, bisa hujjar cewa ba 'yan ƙasa ba ne. A shekarar ce kuma aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Kowane mazaunin zango ya fahimci saƙon.

Gaskiya ita ce, ba duk laifin ke wuyan hukuma ba. Iyaye da yawa a zango sun ƙi kai 'ya'yansu makarantar boko, saboda mafi yawan makarantun na mishan ne, suna tsoron a sauya wa yara addini da suna. Tsoron yana da dalili, amma sakamakonsa ya yi tsada. A lokacin da ake raba guraben aikin gwamnati ga masu takardar shaida, ɗan zango yana da ilimin allo da na littattafai da harsuna uku ko huɗu a bakinsa, amma ofis bai san da wannan ba. Sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, aka fara haɗa karatun Arabiyya da na boko a makaranta ɗaya, gwamnati na biyan malamai. Tsara guda ta riga ta wuce.

4.0 Abin da Nima ta Koya wa Masana

Tsakanin 1965 da 1968 wani ɗalibi Bature mai suna Keith Hart ya zauna a Nima yana nazarin rayuwar 'yan ƙabilar Frafra da suka zo ci-rani daga arewa maso gabashin Gana. A lissafin hukuma, yawancin mutanen da ya zauna da su marasa aikin yi ne. Amma abin da ya gani shi ne kowa yana aiki daga asuba har dare. Wani yana gadi da dare, da rana yana lebura. Wani yana da ɗan albashi da ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ya haɗa da aski ko ɗinki ko kiwon kaji ko ba da bashi. Mata suna sayar da abinci da itace da gawayi. Akwai kuma masu neman kuɗi ta hanyoyin da doka ta hana, kuma Hart bai ɓoye su ba. A maƙalar da ya buga a 1973 ya raɗa wa wannan duka suna, wato ɓangaren sana'o'in da ba sa cikin rajistar hukuma. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Bankin Duniya suka ɗauki wannan ra'ayi, har ya zama ɗaya daga cikin manyan kalmomin ilimin raya ƙasa. Abin lura shi ne, kalmar ta zagaya duniya, lungunan da aka samo ta kuwa suna nan yadda suke.

Wannan tattalin arziki ya bar alamarsa a bakin mutanen Gana baki ɗaya. Abincin da ake kira "waakye" daga "shinkafa da wake" ya samo suna, "tuo zaafi" kuwa tuwon zafi ne, haka nan koko da ƙosai da fura sun zama abincin kowa. 'Yan dakon kasuwa, waɗanda a da akasarinsu Zabarmawa ne, ana kiransu "kayakaya". 'Yan matan arewa da ke dako a kasuwannin Akra ana ce musu "kayayei", wato an haɗa "kaya" ta Hausa da kalmar Ga mai nufin mata. Ɗalibin harshe zai lura cewa kalmomin Hausa da suka shiga harsunan kudancin Gana da yawansu na abinci ne da na aikin ƙarfi da na kasuwa.

5.0 Korar 1969

Ƙidayar 1960 ta nuna cewa kimanin kashi 12 cikin ɗari na mazauna Gana 'yan asalin wasu ƙasashe ne. Muddin farashin koko yana da kyau ba wanda ya damu. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1960, sai aka fara nuna baƙi da yatsa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Mafi yawan mutanen zango ba su taɓa riƙe fasfo ba, domin iyayensu sun shigo ne a zamanin da ba a tambayar takarda a kan iyaka. Dokokin ƙasar kuma sun ɗora zama ɗan ƙasa a kan asalin iyaye da kakanni, haihuwa a Gana kaɗai ba ta isa ba.

Mutane ɗaruruwan dubbai suka fita: Yarabawa 'yan kasuwa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, mutanen Togo da Dahome. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan kuɗi ƙalilan, wasu ma an bar su haka nan. Aure ya rabu, an kai yara garuruwan da ba su taɓa gani ba aka ce musu nan ne gida. A 1970 aka ƙara da wata doka da ta keɓe ƙananan harkokin ciniki ga 'yan ƙasa kawai. Ta fuskar tarihin talauci, babbar asarar ita ce ta jari da ta masu gida. Attajirin da ya tafi ya tafi da rumfar da mutum ashirin ke fakewa a ƙarƙashinta. Waɗanda suka rage kuma suka koyi cewa dukiyar da ba a iya ɗauka a ka ba abin dogaro ba ce, don haka wanda ya samu sai ya sa a zinariya ko haja ko ya yi gini a garin kakanninsa. Tabon ya daɗe a siyasa: daga 1992 har zuwa zaɓen 2024, mazaɓar Ayawaso ta Gabas, wadda Nima ke cikinta, ba ta taɓa zaɓar ɗan majalisa daga jam'iyyar NPP ba, jam'iyyar da ake ɗauka magajiyar Busia.

A waɗannan shekaru ne wasu ɗalibai da matasa suka kafa ƙungiyar sa-kai ta Operation Help Nima domin aikin gayya da matsa wa hukuma lamba. A shekarun 1970 gwamnatin soja ta fasa babban titin da ya ratsa Nima da Mamobi, aka mai da wasu daga cikin waɗanda aka rushe wa gidaje zuwa Madina. Titin ya buɗe unguwar ga motoci da kasuwanci, kuma masu gidajen da suka dace da bakinsa sun amfana ƙwarai. Na cikin lungu kuwa sai dai su ji ƙarar mota.

6.0 Shekarun Tsuke Bakin Aljihu

Shekarar 1983 tana cikin mafi muni a tarihin Gana. An yi fari da gobarar daji, abinci ya yi ƙaranci, ga kuma kimanin mutum miliyan ɗaya da Nijeriya ta koro a farkon shekarar, abin da wasu suka ɗauka ramuwar 1969 ce. A shekarar ce gwamnatin Jerry Rawlings ta shiga shirin gyaran tattalin arziki tare da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. An karya darajar sidi, an janye tallafi, an sallami dubban ma'aikata, akasarinsu na ƙasa-ƙasa kamar masinja da lebura da mai shara da maigadi, wato irin guraben da mutanen zango ke samu. Daga 1985 aka ɗora kuɗi a kan magani a asibitocin gwamnati, har aka kai ga tsarin biya kafin a duba ka. Akan tsare majiyyaci a asibiti bayan ya warke saboda bai biya ba. A farkon shekarun 2000 matasan Nima tare da lauyoyin cibiyar Legal Resources Centre sun yi gangami a kan wannan, suna neman a aiwatar da sassaucin da doka ta riga ta yi wa matalauta.

An yi ƙoƙarin rage raɗaɗin. A tsakiyar shekarun 1980 Bankin Duniya ya ba da kuɗin gyara gabashin Mamobi, aka yi tituna da magudanu da famfunan unguwa ba tare da tayar da jama'a ba. Wannan ya nuna cewa ana iya gyara zango a inda yake. Amma hanyar da ta fi sauya rayuwar iyalai ita ce fita waje. Samari suka nufi Libiya da Saudiyya da Jamus da Amurka, kuɗin da suke aikowa ya biya haya da kuɗin makaranta da kujerar Makka. Ya kuma haifar da sabon bambanci a cikin gida ɗaya, tsakanin ɗakin da ke da ɗa a waje da wanda ba shi da shi.

7.0 Manufofin Ƙarni na 21

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Gana sun nuna cewa talauci ya ragu daga kimanin kashi 52 cikin ɗari a 1991/92 zuwa kashi 23.4 a 2016/17. A binciken 2016/17 jihar Akra tana da kashi 2.5 kacal, jihar Arewa maso Yamma kuwa ta haura kashi 70. Wannan tazara ita ce ke ci gaba da turo matasa kudu. Amma adadin na Akra yana iya ruɗar mai karatu, domin ma'aunin yana duba abin da iyali ke kashewa ne, ba ya duba mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya. Mazaunin gidan haya a Nima yana biyan kuɗi duk lokacin da zai shiga bahaya ko gidan wanka, yana sayen ruwa bokiti-bokiti a farashin da ya fi na mai famfo a gida, kuma maigida na iya neman hayar shekara biyu a dunƙule, ko da yake dokar haya ta 1963 ta taƙaita abin a wata shida. Wato talaka yana sayen abubuwan yau da kullum da tsada fiye da mai hali. A 2008 ne kotun ƙoli ta umarci hukumar birnin Akra ta kawar da masai na bokiti, wanda mutane ke kwashewa a ka. A 2014 kwalara ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar, mafi yawansu a Akra. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobara suka kashe fiye da mutum 150 a dandalin Kwame Nkrumah, yankin da ruwan kwatar Nima ke gangarawa ya haɗu da rafin Odaw.

Gwamnatin John Kufuor ta kawo inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, da ciyar da 'yan makaranta a 2005, da shirin LEAP na ba gajiyayyu kuɗi a 2008. Inshorar ta taimaka ƙwarai, musamman ga mata masu ciki da yara. Sai dai ƙa'idar da aka fara sa wa wanda za a yafe wa biya ta ce sai ya kasance ba shi da sana'a kuma ba shi da tsayayyen wurin kwana. A zango kuwa abin kunya ne a bar tsoho ya kwana a titi, ko a zaure ne za a ba shi tabarma. Ta haka kirkin maƙwabta ya zama abin da ke fitar da mutum daga jerin matalauta a takardar hukuma.

A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta yi abin da ba a taɓa yi ba: ta kafa ma'aikata ta musamman domin raya zanguna da tsofaffin unguwannin birni, majalisa kuma ta zartar da dokar Asusun Raya Zango. Wannan ne karo na farko da kalmar "zango" ta shiga sunan ma'aikatar gwamnati. A shekarar ce aka mai da karatun sakandare kyauta, a 2018 kuma aka ba Nima da Mamobi ƙananan hukumominsu, wato Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa. Asusun ya gina azuzuwa da rijiyoyin burtsatse da fitilun titi da filayen ƙwallo masu shimfiɗar roba. Ba a raina filin ƙwallo a unguwar da ta haifi Mohammed Kudus, amma ayyuka ne da ake iya buɗewa da almakashi a gaban 'yan jarida. Batun takardun filaye da bayan gida a kowane gida da dokar haya, waɗanda ba su da ranar buɗewa, ba su samu irin wannan kulawa ba. A 2021, a farkon wa'adi na biyu na gwamnatin, aka soke ma'aikatar.

Tambayar asali kuwa ba ta mutu ba. A lokutan rajistar katin ɗan ƙasa da na zaɓe, mazauna zango sun sha kokawa cewa jami'ai suna tsananta musu tambaya saboda sunansu ko ƙabilarsu, ko da an haifi iyayensu a Nima. A 2020 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa takardar haihuwa ba hujja ba ce ta zama ɗan ƙasa. A rajistar masu zaɓe ta wannan shekara, wanda ba shi da fasfo ko katin ɗan ƙasa sai ya nemo mutum biyu masu rajista su tsaya masa, kamar yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa a kasuwar Salaga.